Yadda Ake Buɗe Asusun Banki na Farko Ba Tare da Takardar Shaidar Adireshi Ba

A Gusau da sauran garuruwan Zamfara akwai mutane da yawa da suka taɓa zuwa banki sau ɗaya da niyyar buɗe asusu, aka ce su kawo takardar biyan kuɗin wuta, wadda har yau muke kira bil ɗin NEPA, suka juya gida, kuma tun daga ranar ba su sake taka ƙofar banki ba. Cikinsu har da innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda rashin tsaro ya taso daga ƙauyensu a ƙaramar hukumar Maru ta dawo zama wurinmu a Tudun Wada. Ɗanta yana ƙwadago a Legas, kuma duk lokacin da zai aiko mata da kuɗin cefane sai ya tura ta asusun wani mai POS, ta yi sawu biyu ko uku kafin kuɗin su shigo hannunta, sannan an zaftare wani abu a ciki. Da na ce mata mu je ta buɗe nata, sai ta ce, "Ɗan nan, ni da ko ɗaki ban mallaka ba a garin nan, wace takardar wuta zan kai musu?" Ranar da muka je babu wanda ya tambaye mu takardar wuta, domin irin asusun da muka nema ba ya bukatarta. Na rubuta wannan jagora ne saboda masu irin halinta: ɗan haya, da mai zama a gidan gado, da matar aure, da ɗalibi, da manomin da garinsu ko turken wuta babu, da wanda 'yan bindiga suka raba da gidansa.

Abin da ƙa'ida ta tanada

A watan Janairun 2013 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da tsarin tantance masu asusu mai hawa uku, domin ya lura cewa tilasta wa kowa kawo cikakkun takardu shi ne ke hana talaka shiga banki. A hawa na farko, wanda za ka ji ma'aikatan banki suna kira tiya wan, abin da ake bukata shi ne hotonka ƙarami, da sunanka, da ranar haihuwa da garin haihuwa, da lambar waya, da adireshin da ka faɗa da bakinka, ba tare da ka kawo takardar da ke tabbatar da adireshin ba. Asusun ajiya ne, a cikin Najeriya kawai yake aiki, kuma an yi masa iyaka: ba a zuba masa fiye da naira 50,000 a lokaci guda, jimlar abin da ke ciki kuma ba ta wuce naira 300,000. A hawa na biyu ana tantance katin shaidarka da abin da ke rumbun bayanan gwamnati, kuma asusun yana iya riƙe har naira 500,000. Hawa na uku shi ne cikakken asusu wanda ba a ƙayyade abin da zai riƙe ba, kuma a nan ne shaidar adireshi da zuwa ganin gida suke zama dole.

Abu ɗaya ya sauya wanda ya kamata kowa ya sani. A ranar 1 ga Disamba, 2023, CBN ya ba da umarnin cewa asusun hawa na farko ma sai an haɗa shi da lambar BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ko lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, hawa na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun, kuma daga 1 ga Maris, 2024 aka fara rufe shiga da fitar kuɗi a asusun da bai cika wannan sharaɗi ba. Ma'anar wannan ita ce, a yau abin da ke buɗe maka ƙofar banki lambar shaidarka ce. Takardar wuta sai an zo ɗaga asusu zuwa hawa na uku ake maganarta. Yawancin waɗanda aka mayar gida, fom ɗin hawa na uku aka miƙa musu tun farko, su kuma ba su san akwai wani ba.

Fara da layin waya, sannan NIN

Kafin ka doshi banki, ka tabbatar kana da layin waya wanda aka yi wa rajista da sunanka, aka kuma haɗa shi da NIN ɗinka. Wannan layin ne zai riƙa karɓar alat, ta kansa za a turo maka lambobin tabbatarwa, kuma duk wanda ya riƙe shi ya kusa riƙe asusun. Kada ka yi amfani da layin ɗanka ko na maƙwabci don kawai shi ne ya iya karatu. Matan aure su ma ya fi dacewa kowace ta sami nata layin, ko da wayar ɗaya ce a gidan, domin asusu amana ce ta mai shi, kuma sadaki da kuɗin sana'a da gadon mace dukiyarta ce a shari'a. Haka kuma kada a bar layin ya daɗe babu kira babu kati, domin kamfanonin waya sukan karɓe layin da aka yi watanni ba a taɓa ba su sayar wa wani, alhali yana nan maƙale da asusunka.

NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ke bayarwa. Rajistar farko kyauta ce a ƙa'ida, ana yin ta a ofishin hukumar da ke Gusau da cibiyoyinta na ƙananan hukumomi da kuma wuraren wakilan da ta ba lasisi. Ka tafi da duk wata takarda da ke nuna ko kai wane ne, kamar takardar haihuwa, ko takardar rantsuwar shekaru ta kotu, ko takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko katin zaɓe. Wanda ya taɓa yin rajista ya manta lambarsa kada ya sake yin wata, domin rajista biyu ita ce ke jawo a toshe duka. Ya danna *346# a layin da ya yi rajistar da shi, za a cire kuɗi kaɗan a nuna masa lambar.

A nan ina so in daɗe kaɗan, domin a abin da na gani, sunaye sun fi adireshi hana mutanenmu buɗe asusu. Mutum ɗaya sai ka tarar Muhammadu ne a katin zaɓe, Mohammed a takardar NIN, Mamman a rajistar layin waya. Wani Abubakar ne a takardar makaranta, Garba a wurin rajista, domin sunan da aka saba kiransa da shi ya faɗa. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, Ƙaura ko Mafara ko Gummi, a wata takardar kuma ya sa sunan kakansa. Mace takan yi rajista ɗaya da sunan mahaifinta tun tana budurwa, ta yi wata da sunan mijinta bayan aure. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma na'urar banki harafi take dubawa, kuma idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin NIN da BVN, sai ta ƙi karɓa. Saboda haka ka ɗauki takardar NIN ɗinka ka mayar da ita ma'auni: yadda aka jera sunayen, da yadda aka rubuta kowane harafi, da ranar haihuwar da ke jiki, haka za ka maimaita su a kowane fom har abada. Idan akwai kuskure a kanta, ka gyara shi a NIMC tun kafin ka yi BVN, ko da za ka biya kuɗin gyara, domin gyaran takarda ɗaya ya fi sauƙi a kan gyaran uku. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa wani amintacce ya karanta masa abin da aka buga tun yana gaban ma'aikacin, kafin ya bar wurin.

Ka kuma lura cewa takardar NIN tana ɗauke da adireshin da ka bayar ranar rajista. Idan yanzu za ka yi rajistar, ka ba da adireshin inda kake kwana a halin yanzu, domin zai taimaka maka nan gaba.

BVN kuma, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, ita ma alƙaluma 11 ce, a banki ake yin ta kyauta, a ɗauki hoton fuskarka da zanen yatsunka, kuma ɗaya tak mutum ke da ita duk yawan bankunan da zai yi hulɗa da su. Ko da yake NIN kaɗai ta isa a buɗe maka hawa na farko, shawarata ita ce ka yi BVN a ranar da ka je, tun da ba za ka hau hawa na biyu ba sai da ita. Manoma da masu aikin ƙarfi waɗanda zanen yatsunsu ya goge, da matan da suka yi ƙunshi, sukan sha wahala wajen na'urar ɗaukar yatsa, don haka mace ta bari lallen ya dusashe kafin ta je. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna *565*0# a layin da ya yi rajistar da shi.

Zaɓen inda za ka buɗe

Akwai manyan bankunan kasuwanci, waɗanda yawancin rassansu a jihar nan suna cikin Gusau, sai ƙalilan a garuruwa irin su Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021, kuma duk ƙa'idar hawa uku ɗin nan ta hau kansu, saboda haka wanda tsoron riba ya hana shi buɗe asusu yana da mafita. Akwai ƙananan bankuna, da bankunan kamfanonin waya irin su MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, da kuma masu aiki ta manhajar waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda, waɗanda mutane suka rungume su sosai tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Waɗannan na baya suna buɗe hawa na farko cikin mintuna ta waya ko ta hannun wakili, sai dai tun bayan da CBN ya dakatar da wasunsu daga ɗaukar sababbin masu asusu daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yunin 2024, su ma sun tsaurara tantancewa, har sukan turo mutum ya ga gida ko shago.

Abin da ya kamata ka duba kafin komai shi ne ko wurin yana da lasisin CBN, kuma ko hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta tsaya masa. Tun daga 2024, idan ɗaya daga cikin manyan bankunan kasuwanci ya durƙushe, NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5, a ƙananan bankuna da bankunan kamfanonin waya kuma har naira miliyan 2. Bayan wannan sai ka dubi nisanka da wurin. Mu da muka ga yadda aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a watan Satumban 2021, mun san cewa asusun da ba shi da ofishin da za ka taka ka je yana iya zama kamar babu a ranar da ka fi bukatarsa. Ni a ganina, wanda ke da halin zuwa Gusau ko wani gari mai reshe ya fara da bankin da ke da gini da ma'aikata, daga baya ya ƙara da na waya don ƙananan hidimomi. Wanda kuwa hanyar garinsu ba ta biyuwa cikin aminci, ya buɗe ta hannun wakilin da aka sani a garin, wanda ke da shago tsayayye da alamar bankin da yake wakilta, kada ya jefa kansa cikin hatsarin hanya saboda fom.

Ranar zuwa banki

Ka tafi da takardar NIN ta asali da kwafinta, da ƙananan hotuna biyu, da wayarka da layin a ciki da caji, da wani katin shaida idan kana da shi, kamar katin zaɓe ko lasisin tuƙi. Ka yi sammako, kuma ka kauce wa Litinin da ƙarshen wata lokacin da ma'aikata ke karɓar albashi. Idan ka shiga, teburin masu kula da abokan hulɗa za ka nufa, kada ka bi layin masu zuba kuɗi. Bayan sallama ka faɗi bukatarka a fili: "Ranka ya daɗe, asusun ajiya na hawa na farko nake so in buɗe da NIN ɗina, ba ni da takardar wuta." Faɗin sunan hawan tun farko shi ne ke raba gardama. Tsarin 2013 bai ɗora wani kuɗin da dole sai an zuba kafin a buɗe irin wannan asusu ba, amma yana da kyau ka riƙe ɗan abin da za ka fara ajiyewa da kuma kuɗin katin cirar kuɗi. Wanda bai iya sa hannu ba zai dangwala yatsa, kuma wannan karɓaɓɓe ne. Kada ka nemi asusun da ake ba wa littafin cak a wannan zuwan, domin shi sai da cikakkun takardu da mutum biyu masu irin asusun da za su tsaya maka.

Idan ma'aikacin ya dage cewa sai da takardar wuta, kada ka yi fushi kuma kada ka juya. Ka nemi ganin shugaban sashen ko manajan reshe, ka sake maimaita bukatarka cikin ladabi. Banki yana da damar ƙara nasa sharuɗɗan, kuma idan haka tsarinsu yake, ka tsallaka zuwa na gaba, tun da ba su kaɗai ba ne a gari. Idan kuwa an zalunce ka ne, kamar a nemi cin hanci ko a cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ka rubuta koke ga bankin ka karɓi shaidar sun karɓa. Idan mako biyu ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, wanda ke da reshe a Gusau.

A fom ɗin akwai gurbin makusancin da za a tuntuɓa idan wani abu ya same ka. Mutane da yawa suna tsammanin wanda aka rubuta a nan shi ne zai gaji kuɗin, har ana samun saɓani a gida saboda haka. Ba haka ba ne. Wanda za a nema ne kawai, rabon gado kuwa yana nan yadda shari'a ta tsara, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. Ka sa mutum mai hankali wanda wayarsa ke shiga.

Yadda ake rubuta adireshin gidan da ba shi da lamba

Ko da ba a nemi shaida ba, gurbin adireshi ba a barinsa fili, kuma abin da ka rubuta a nan shi ne za a bi ranar da ka nemi a ɗaga asusun. Yawancin gidajenmu ba su da lamba, lungunanmu ba su da allon suna, amma kowa ya san yadda ake kwatance, kuma kwatancen ne za ka mayar rubutu. Ka fara da sunan mai gidan kamar yadda aka san shi a unguwa, sai layi ko lungu, sai wata sananniyar alama da ba ta gusawa, kamar masallacin Juma'a, ko makarantar firamare, ko asibitin sha-ka-tafi, ko gidan mai unguwa, sai sunan unguwa, da mazaɓa, da ƙaramar hukuma, da jiha. Kada ka yi kwatance da mai shayi ko teburin mai kayan miya, domin gobe suna iya tashi. Mutumin ƙauye ya rubuta sunan ƙauyen, da gundumar da yake ƙarƙashinta, da babban garin da ya fi kusa. Ka rubuta wannan kwatance a takarda tun daga gida, ka adana kwafinsa, domin ya zama iri ɗaya a duk inda aka tambaye ka.

Wanda ya yi gudun hijira ya rubuta inda yake zaune yanzu, ko da ɗakin aro ne a gidan ɗan'uwa ko matsugunin da hukuma ta ba su. Na san yadda zuciya ke son a rubuta sunan garin haihuwa, innata ma sai da ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta yarda a sa Tudun Wada, amma fom ɗin yana da gurbi dabam na garin asali, kuma adireshin da banki ke nufi shi ne inda za a zo a same ka.

Babban kuskuren da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne aron takardar wutar gidan da ba ya zaune a ciki. Abin ya zama ruwan dare, har akwai masu sayar da kwafin irin waɗannan takardu a kusa da bankuna. Ranar da mai tantancewa ya je gidan aka ce ba a san ka ba, za a iya rufe fitar kuɗi daga asusun alhali kuɗinka na ciki, kuma ka zama wanda ya ba banki bayanin ƙarya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa bankuna nauyin sanin masu asusunsu, kuma a jihar da ake bin sawun kuɗin fansa, babu mai hankalin da zai so a ga saɓani a takardunsa. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ba kowa aron asusu ya karɓi kuɗin da ba ka san tushensu ba, ko da ya yi maka alkawarin lada.

Ɗaga asusun idan lokaci ya yi

Iyakar naira 300,000 tana isar mai karɓar kuɗin cefane ko tallafi, amma ba ta isar manomin da zai sayar da waken suya ko masara da kaka, ko mai kiwon da zai sayar da sa ɗaya. Idan aka turo kuɗin da suka haura iyaka, ko dai su koma wa mai turowa, ko kuma a riƙe asusun har sai ka cika takardu, kuma babu ɗayan biyun da ke da daɗi a tsakiyar ciniki. Don haka ka fara neman ɗagawa tun amfani yana gona, ko tun watanni biyu kafin kasuwar ragunan layya. Hawa na biyu ba shi da wahala idan NIN da BVN sun dace da juna. Hawa na uku ne ke bukatar shaidar adireshi, kuma hanyoyin samunta sun fi yadda ake zato yawa.

Abu na farko da mutane ba su sani ba shi ne, a mafi yawan bankuna ba dole ba ne takardar wutar ta zo da sunanka. Adireshin da ke jiki ake dubawa. Idan gidan da kake haya ko gidan mahaifinka yana da takardar kamfanin Kaduna Electric, wanda shi ne ke raba wuta a Zamfara da Kebbi da Sakkwato da Kaduna, ka roƙi mai gidan kwafin wadda ba ta wuce wata uku ba. Wannan halal ne, tun da a gidan kake kwana. Idan mita mai kati ce, rasit ɗin sayen wuta wanda ya nuna adireshi yakan wadatar, haka ma takardar hukumar ruwa. Idan babu ko ɗaya, sai a koma ga takardar yarjejeniyar haya ko rasit ɗin biyan haya mai ɗauke da kwatancen gidan da sa hannun mai shi. Ma'aikaci yana iya kawo wasiƙa daga wurin aikinsa, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ko ta Talata Mafara kuma ya kawo takardar shiga makaranta da wasiƙar da ke nuna ɗakin kwanansa. Mutumin karkara da ɗan gudun hijira hanyarsu ita ce ta sarauta: mai unguwa ya gabatar da kai ga hakimi ko uban ƙasa, a rubuta wasiƙa a takarda mai tambarin masarauta, da cikakken sunanka kamar yadda yake a NIN, da kwatancen gidan, da kwanan wata, da hatimi, da lambar wayar da za a kira a tabbatar. Sakatariyar ƙaramar hukuma ma tana ba da irin wannan wasiƙa, kuma ana iya yin takardar rantsuwa a kotu a kan wurin zama.

Sai dai bankuna ba su zama ɗaya ba wajen karɓar waɗannan. Kafin ka kashe kuɗin mota da na hatimi, ka je ka tambayi reshen da asusunka yake, "Cikin wasiƙar uban ƙasa da takardar haya da rantsuwar kotu, wacce kuke karɓa?" Ka riƙe sunan ma'aikacin da ya ba ka amsa, ka dawo wurinsa da takardar.

Bayan ka miƙa takarda, banki yakan turo mutum ya ga gidan, wani lokaci ba tare da sanarwa ba, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa ba da laifinsu ba. Baƙon zai zo yana tambayar sunan da ke takarda, alhali a unguwa da laƙabi aka san ka. Matar aure kuwa sau da yawa maƙwabta ba su ma san sunanta na yanka ba, sai dai a ce matar wane ko uwar wane. Ga kuma halin da muke ciki, inda babu mai nuna wa baƙon fuska gidan wani, kuma suna da gaskiya. Maganin wannan shi ne ka sanar da mutanen gida da mai shagon bakin layi da mai unguwa cewa wani daga banki kaza zai zo neman wane, ka faɗa musu sunan da ke takardar, ka kuma bar wayarka a kunne. Mai tantancewa na gaskiya zai nuna katin aikinsa, zai dubi gida ya ɗauki hoton ƙofa, amma ba zai taɓa tambayar lambar sirrinka ko ya nemi ka ba shi kuɗi ba.

Bayan an ba ka lambar asusu

Lambar asusu alƙaluma 10 ce. Ka rubuta ta a wuri biyu, sannan ka gwada ta da ƙaramin kuɗi kafin ka ba kowa: ka zuba dubu ɗaya ko biyu, ka ga alat ya shigo da sunanka daidai, ka cire wani abu a ciki. Ka nemi a nuna maka lambar da ake dannawa a ƙaramar waya don duba kuɗi da turawa, da kuma lambar da ake dannawa a toshe asusu idan waya ko kati ya ɓata, ka haddace ta biyun ko ka rubuta ta a wani wuri dabam da wayar. Lambar sirri kada ta zama shekarar haihuwarka, kada a rubuta ta a bayan kati, kuma kada a faɗa wa mai POS ya danna maka. Wanda idonsa bai gani sosai ya tafi da ɗansa ko 'yarsa da ya amince da su. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ta sami matsala, ka karanto masa lambobin da aka turo maka, ɗan damfara ne, ka kashe wayar ka je reshe da ƙafarka.

Za ka riƙa ganin ana cire ƙananan kuɗi, na saƙon alat, da na kula da kati, da harajin naira 50 na gwamnati a kan turawar da ta kai naira 10,000, saboda haka ka nemi a yi maka bayaninsu tun ranar farko don kada ka zaci sata ce. Kada kuma ka bar asusun ya shekara babu shiga babu fita, domin za a ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, sai ka sake kai takardu kafin a tashe shi. Idan ka sauya gida, ko Allah ya kawo zaman lafiya ka koma garinku, ka je reshe ka cika fom ɗin sauya adireshi, ka kuma gyara shi a NIMC, domin bayanan biyu su ci gaba da tafiya tare.